Hoton da Ke Jikin Firij

Shekaru sun ja, ƙila wasu abubuwan sun cuɗe mini. Abin da nake iya tunawa kawai zan rubuta.

Muna zaune a unguwar Nuzla a ƙasa mai tsarki, ni da maigidana, ba mu samu haihuwa ba, lokacin da ƙanwarsa ta rasu ta bar jaririya. Iƙamar uban, wato takardar izinin zamansa, ta ƙare, dole ya koma Sudan. Surukata ta ce mu riƙe yarinyar.

Ni da na gama jami'a ban taɓa goya yaro ba, sai na koma ga karatu. Na sayi littattafan Larabci a kasuwar Balad kan renon ɗan da ba kai ka haifa ba, na kuma kalli finafinai a waya, ni kaɗai, maigidan yana shago. Finafinan duk suna ƙarewa ne ranar da yaro ya shigo gida. Matan unguwa kuwa ba su ga abin karantawa ba a riƙo. In na ɗauko zancen sai su yi dariya su shiga wata hira.

Wani littafi ya nace kada a ɓoye wa yaro asalinsa. Sai na manna hoton uban a jikin firij, daidai tsayinta. Kullum da safe nakan nuna mata in ce ga Baba. Surukata ta taɓa cewa in cire, ba a tsokano abin da ke kwance, amma ban cire ba.

Yarinyar tana kusan shekara huɗu uban ya samu sabon kafili mai tsaya masa, ya dawo tare da sabuwar matar da ya aura. Ya ce gaisuwa kawai ya zo, ina jin da gaske yake. Yana sallama yarinyar ta saki zanena ta tafi wurinsa, tana cewa Baba. Surukata ta dube ni ta ce, "Halas, shi ke nan, 'yata. Riƙo ne dama."

Bayan azumi suka ɗauke ta zuwa unguwar Sa'alaba. Ba nisa, amma ba na yawan zuwa, kada in ruɗa ta. Har yau ban san ko littafin ya yi kuskure ba. Na sake duba shi, babu babin mayar da yaro.

A tunanina ta waiwayo kafin ta shiga mota. Maigidana ya ce ba ta waiwayo ba. Duk wanda ke ƙofar gidan ranar, don Allah ya aiko mini da gyara.