Makon da Na Ɗinke Takardun Kakana

Abubuwa da yawa sun same ni a garin nan na Makka, wasu na manta su, wasu ina kan mantawa. Amma makon da na kai takardun kakana wurin mai ɗinkin littattafai, wannan kam da shi za a sa ni a kabari. Zan faɗi labarin daki-daki yadda ya faru, domin ni ba na son magana a hargitse.

A unguwar Misfala aka haife ni, a nan kuma nake da ɗan shagona na dadduma da carbi da harami. Kakana ne ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, ya bi ta Chadi da Sudan, ya yi shekaru a hanya kafin ya ga Ka'aba. Bai bar mana gida ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari wata gafaka ce ta jar fata, cike da warƙoƙi da ya rubuta da hannunsa da ajami, wato Hausa da baƙaƙen Larabci. Warƙoƙin a sake suke, ba ɗinki, ba lamba, wata babba wata ƙarama. Ni karatuna bai yi nisa ba, kuma irin wannan tsohon hannun sai na yi ta tuntuɓe a cikinsa. 'Ya'yana kuwa Larabci ne a bakinsu. In sun haɗa baƙin suka ji ba Larabci ba ne, sai su yi dariya su ajiye. Saboda haka gafakar ta zauna a saman kwaba, ina sauko da ita sau ɗaya a shekara in kaɗe ƙura.

A gidana akwai Gwaggo, yayar mahaifina. Tana goye a baya aka yi waccan tafiya, kuma a hanya mahaifiyarta ta rasu. Sai da kakana ya iso Makka ya sake aure aka haifi mahaifina. Gwaggo ba ta kiran sunana, domin sunan mahaifinta na ci. Baba Ƙarami take ce mini, har na yi furfura.

Wata ranar Asabar bayan La'asar wani mutum ya shigo shagona. Ɗan Najeriya ne, ya zo Umara, da tabarau da 'yar jaka a kafaɗa. Ya ce shi malami ne a wata jami'a, aikinsa bin gidaje yana neman tsoffin rubuce-rubucen ajami, kuma an ce masa akwai wasu a wurina.

Abu uku suka tsaya mini a rai. Na farko, bai taɓa ko carbi ɗaya ba, balle ya taya. Na biyu, ya san garin da kakana ya fito tun ban faɗa masa ba. Na uku, wanda ya fi nauyi, na tuna maƙwabcinmu. Shi ma haka wani mai daɗin baki ya zo masa, ya karɓi takardun ubansa da sunan zai ɗauki hotonsu ya dawo da su bayan Hajji. An yi Hajji, an sake yin wani, har maƙwabcin ya rasu yana jira.

Na ce, "Malam, wa ya aiko ka?"

Ya ce, "Ba wanda ya aiko ni, Alhaji. Gani kawai nake so in yi."

"Wancan ma da gani ya fara."

Ya yi murmushi ya ce ya san irin waɗannan labarai, kuma ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Ya ce akwai wata al'umma can ƙasashen Amurka, Maya ake ce musu, suna da littattafai da harshensu. Baƙi suka zo suka ƙone mafi yawa, 'yan kaɗan da suka tsira kuma aka kwashe yawancinsu zuwa Turai, yanzu jikokin masu su sai sun ƙetare teku kafin su gan su. Shi a ganinsa yana kwantar mini da hankali ne. Ni kuwa a raina cewa na yi, mutumin da ya haddace yadda aka kwashe littattafan kowa, ai ya san hanya.

Duk da haka na ce ya zo gida washegari da hantsi, don kada a ce na kori baƙon Allah. Na shimfiɗa farin zane, na sauko da gafakar, na zauna daf da shi. Ya ɗauki warƙa ɗaya ya fara karantawa a bayyane, ba tuntuɓe ko ɗaya, labarin wata rijiya da ayari ya tarar ta ƙafe. Bai kai ƙarshen layi ba sai muka ji murya daga bayan labule ta ƙarasa masa. Gwaggo ce. Rabon da ta ji wannan karatun tun mahaifina na da rai.

Na tashi kawo shayi. Ina dawowa na tarar ya miƙe tsaye, wayarsa a saman takardun, yana ta ɗaukar hoto.

Na ajiye faranti na ce, "Da izinin wa?"

Ya ce, "Na yi kuskure, Alhaji. Ya kamata in tambaya. Ganinsu ne ya ɗebe ni."

"Goge."

"Alhaji, hoto ba ya rage komai a jikin takarda."

"Goge, ina kallo."

Ya goge ɗaya bayan ɗaya. Na sa ya buɗe wurin da gogaggun hotuna suke taruwa, ya goge na can ma. Sannan na mayar da takardun cikin gafaka, na raka shi ƙofa. Shayin ma bai sha ba.

Da na dawo Gwaggo ta kira ni. Ta ce, "Baba Ƙarami, ka ce wa malamin nan ya dawo. Kakanka ya rubuta sunan ƙauyen da aka binne Innata a cikin takardun nan. Ubanka ne yake karanta mini. Tun da ya rasu sunan ya ɓace mini, ina jin kunyar in faɗa. Ina so in sake jinsa kafin in bi ta."

Na ce to. Ban tambaye ta a wane wuri aka rubuta shi ba. Da na yi wannan tambaya guda ɗaya, da babu labarin nan.

Na aika wa malamin a masaukinsa cewa ya dawo ranar Laraba. Sannan na zauna na yi tunani irin nawa. Takarda a sake, ko mutum uku ke gadi, mai saurin hannu zai zare ɗaya ya sa a hannun riga. Amma in an ɗinke, an sa lamba, sai dai ya yaga, kuma yaga ba ta ɓoyuwa. Na ji daɗin dabarata ƙwarai.

Ranar Litinin na baje warƙoƙin. Na jera su kamar yadda nake jera kayan shago: manya da manya, ƙanana da ƙanana, masu haske gefe guda, waɗanda suka yi ja gefe guda. Na ɗauki biro na sa wa kowace lamba a sama. Na kai wa wani dattijo mai ɗinkin littattafai a bayan layinmu.

Ya jujjuya su ya ce, "In daidaita gefen, ko in bar shi haka?"

Na ce, "Daidaita. Ba na son abu wani dogo wani gajere."

"Akwai ƙananan rubutu a gefen fa, ya Hajj."

Na leƙa. Wasu 'yan kalmomi ne a karkace, wasu a can ƙasan shafi su kaɗai. Na ce, "Gwajin alƙalami ne. Yanke."

Ranar Talata na karɓo littafi mai koren bango, gefensa sumul. Na kwana ina alfahari.

Laraba da hantsi malamin ya zo. Gwaggo ta zauna a bayan labule. Na miƙa masa littafin na ce, "Bisimilla, Malam. Yanzu sai a karanta a natse."

Ya buɗe. Ya juya shafi, ya sake juyawa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sai ya ɗago ya dube ni, kuma ba fushi na gani a idonsa ba. Kallon da ake yi wa wanda aka zo wa ta'aziyya ne.

Ya ce, "Alhaji, wa ya yi wannan?"

"Ni. Da matsala ne?"

Ya ce magabata ba sa ɗinke littafi, ba sa sa lamba, amma ba a hargitse suke barinsa ba. A ƙasan kowace warƙa suna rubuta kalma ɗaya, wadda ita ce farkon warƙar da ke biye. Ita ce lambarsu. Ita na sa aka yanke. Ya ce kuma ba littafi ɗaya ba ne a cikin gafakar, uku ne: labarin tafiya, da wasu waƙoƙin wa'azi, da addu'o'i. Na cakuɗa su bisa tsawo da launi.

Ni ban yarda nan take ba. Na ce a raina, so yake in ga abin ya lalace in sallama masa. Sai Gwaggo ta yi magana.

"Malam, duba gefe. Wurin da ake maganar ƙetare kogi, a gefen dama, a karkace. Nan ya rubuta."

Malamin ya daɗe yana nema har ya samo shafin. Ya nuna mini da yatsa. A bakin takardar akwai ƙafafun baƙaƙe, guntu-guntu, kawunansu sun tafi da wuƙar inji.

Gwaggo ta ce, "Ka gani?"

 Ta ɗaga labulen da kanta, abin da ba ta taɓa yi a gaban baƙo ba, ta dubi littafin, ta dube ni. Ta ce, "Baba Ƙarami, ɓarawon da kake tsaro, ashe a cikin rigarka yake kwana." Ta saki labule.

A lokacin ne na tuna hotunan da na sa ya goge. Na dubi wayarsa, shi ma ya dube ta. 

Shi ne ya fara miƙewa. Ya ce, "Ina mai ɗinkin yake? Mu je yanzu."

Muka tarar da dattijon yana shafa gam. Na tambaye shi abin da ya yanke, ina jin kunya kamar in nutse. Ya harare ni ya ce, "Na faɗa maka ko ban faɗa maka ba?" Sannan ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin tebur. Ya ce shi tun yana saurayi bai taɓa zuba takarda mai baƙin Larabci a shara ba, don bai san wadda ke ɗauke da sunan Allah ba. Tarawa yake yi, in buhu ya cika ya kai a ƙone a wuri mai tsabta. Ya ce, "Ka yi sa'a. Saura kaɗan ya cika."

Muka ɗauko buhun, muka zazzage a kan farin zane. Tsilla-tsillan takardu ne masu yawan gaske, namu da na littattafan mutane, duk a cuɗe. Kafin mu fara, malamin ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu, ya juye aljihunsa waje, ya ajiye wayarsa a gabana.

Ya ce, "Alhaji, duba tun yanzu, don idonka ya bar hannuna ya koma kan aiki."

Ba zan yi ƙarya ba, sai da na duba.

Kwana uku muka yi, daga hantsi zuwa La'asar, shago a rufe. Muka warware ɗinkin. Ya koya mini gane takardar kakana da kaurinta da launin tawadarta. Ni ina tsincewa ina jerawa, shi yana gwada kowane tsilli a bakin kowace warƙa, har ƙafar baƙi ta haɗu da kansa. A nan ne kawai son tsarina ya yi amfani. Ya fasa ziyarar da ya shirya, ya ɗage tafiyarsa Madina. Ni kuwa ko a rana ta biyu ina tambayar kaina me zai samu a ciki.

Rana ta uku, gab da Azahar, ya ɗora wani tsilli da bai kai faɗin yatsa ba a gefen shafin kogin. Tsillin ya zauna daram. Ya ce, "Hajiya, matso kusa." Ya karanta: ranar da mahaifiyarta ta rasu, da itacen da aka binne ta a ƙarƙashinsa, da sunan ƙauyen. Gwaggo ta maimaita sunan sau uku a hankali. Sannan ta ce, "Shi ne. Allah ya ji ƙanki, Inna." Ta ce mini, "Rubuta shi da irin rubutunku, ka ba kowane ɗa naka." Na rubuta.

Ba duka muka samo ba. Akwai warƙa tara da har yau ba wanda ya san mazauninsu, suna can ƙarshen gafaka a cikin farar takarda. Lambobin biro ɗina kuma suna nan a saman kowace warƙa, ba sa gogewa, duk wanda ya buɗe sai ya gan su.

Ranar da zai tafi ya nemi izinin ɗaukar hoto. Na ce ya ɗauka a gabana, ya fara tura mana kafin ya fita ƙofa. Haka aka yi. Bai nemi in ba shi ko warƙa ɗaya ba, ni ma da ya nema ba zan bayar ba. Bayan ya fita na zauna na ƙirga su tun daga farko. Sun cika cif. Duk abin da ya ɓace a cikin takardun nan, ni na ɓatar da shi.

Gwaggo ta rasu bayan Hajjin shekarar da ta biyo, sunan ƙauyen yana bakinta. Har yanzu ina tsare gafakar, kuma baƙon da ya zo sai na tambaye shi wa ya aiko shi, wannan ban daina ba. Abin da na ƙara shi ne tambaya ta biyu, wadda nake yi wa kaina: abin nan da nake shirin gyarawa, na san dalilin da ya sa masu shi suka bar shi haka? In ban sani ba, sai in janye hannuna in je in nemi wata tsohuwa in tambaye ta.