Baba da Mai Ƙaton Goge

Baba makaɗin garaya ne, ni kuma ɗalibin fiƙihu. Tun ranar da na sami gurbin karatu a Masar ya daina kiran sunana, ya koma ce mini Ustazu, da wata irin murya wadda har yau ban tantance ba ko girmamawa ce ko shaƙiyanci. Na fi zargin ta biyun.

A garuruwan da ke kewaye da namu, can wajen Kazaure, bikin da ba a kira Baba ba bai cika biki ba. Shi ke zama a gaba da garayarsa, shi ke ba da waƙa, 'yan amshi da masu kaɗa gora suna jere a bayansa. Cikinsu har da ƙanensa da muke ce wa Baffa, wanda Baba da kansa ya koya wa riƙon garaya, kuma ba ya gajiya da tuna masa hakan a gaban mutane.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ƙafa ta dawo, baki ma ya dawo, har ya fi da kaifi, amma hannun dama ya ƙi. 'Yan'uwa suka haɗa ƙarfi suka turo mini shi Alƙahira a yi masa gashi. Na sauke shi a ɗakina da ke unguwar Hayyus Sabi', abokin zamana ya koma wurin maƙwabta, muka shiga sintiri zuwa wani asibiti a unguwar Muhandisin. Babu abin da ya burge Baba a birnin nan. Burodinsu ya ce faifai ne aka gasa. Waken da suke karya kumallo da shi ya ce an manta ba a gama dafa shi ba. Direbobi kuwa, da yake ba sa ɗaga hannu daga kan hon, ya saurare su na ɗan lokaci ya ce, "Duk wannan hayaniyar, a rasa mutum ɗaya da ya san kiɗa."

Bayan an ɗauki makonni ana murza hannun, ana ba shi ƙwallon roba yana matsawa, likitan ya kira ni gefe ya yi mini bayani da Larabci. Hannun zai iya riƙe cokali, zai iya riƙe sanda, amma yatsun ba za su sake bin tsirkiya ba. Ya rufe da ma'alish, wato a yi haƙuri, kalmar da Bamisire ke rufe komai da ita, daga taka maka ƙafa har zuwa mutuwa. Na koma wurin Baba ina ta kame-kame, ina neman inda zan ɓullo wa maganar.

"Ustazu, bar wahalar da kanka," in ji shi. "Fuskarsa ta riga ka fassara."

A makon ne Baffa ya bugo waya. Tun da Baba ya kwanta shi ke jan ƙungiyar, kuma kaka ta gabato, bukukuwa sun fara layi. Cikin ladabi ya ce mutane suna ta tambayar Yaya, ko Yaya zai dawo ya zauna tare da su, ya riƙe gora da hannun hagu, ko don albarka. Baba ya kalli wayar kamar ita ta yi maganar.

"Ni? Gora? A bayan yaron da na goya?"

Ya miƙo mini wayar. Ya ce in ya koma gida zaure zai shiga, a ba shi tabarma da rediyo, ya jira lokacinsa. Na san irin tsofaffin nan na zaure, na ga yadda suke narkewa a hankali ba tare da wani ciwo ba, kuma wallahi tsoro ya kama ni. Ya rage cin abinci. Ya daina kushe Masar. Ranar da ya kira ni da sunana na yanka, a hankali, kamar baƙo, na shiga banɗaki na yi kuka.

Likitan ne ya kawo shawara. Ya ji labarin sana'ar Baba, sai ya ce wasu Amurkawa masu kayan tsirkiya za su yi wasa bayan la'asar a lambun wata cibiyar al'adu a unguwar Dokki, in kai shi ya sha iska. Na ɗan yi ɗari-ɗari. Ɗalibin Shari'a a wurin kiɗan Turawa, in wani ɗan ajinmu ya gan ni ai na shiga bakin duniya. Daga baya na ba kaina fatawa cewa wannan cikin magani yake, malamai kuma sun yi sassauci a babin lalura. Duk da haka na zaɓa mana kujera kusa da wata bishiya mai kauri.

Su biyar ne. Wata Bamisriya ta gabatar da su, ta ce sunan salon kiɗansu bulugiras, kuma su suna gauraya shi da tsofaffin waƙoƙin ƙasarsu, na manoman kan tsaunuka da masu haƙar kwal da na coci. Akwai mace mai goge irin na Turawa, da mai jita, da wani mai 'yar ƙaramar jita kamar ta wasan yara. Akwai wani saurayi dogo mai wani abu da ta kira banjo, zagayayye, an rufe fuskarsa da farar fata. Baba ya miƙe wuya ya ƙare masa kallo.

"Ustazu," ya ce, "wannan ai garaya ce ta je Turai ta ci ta ƙoshi."

Ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi a fili ba.

Suka fara. Yatsun saurayin suna gudu, sautin yana zubowa kamar ruwan sama a kan kwano. Mai ba da waƙa ya ɗauko ta can sama ta hanci, Baba ya tambaye ni ko mura yake yi. Amma na lura ƙafarsa tana bin kiɗan a ƙarƙashin kujera, shi kuwa ya yi kamar ba tasa ba ce.

Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne makirfo ɗaya tal suke da shi a tsakiya. Wanda lokacinsa ya zo sai ya matso gaba ya nuna gwanintarsa, a tafa masa, ya ja da baya wani ya shigo, suna wucewa ta gefen juna ba mai buge wani. Mai goge ta shigo ta fita. Mai jita ya shigo ya fita. Saurayin banjo kam kamar a gaban aka haife shi. Sai mutum na biyar, wanda ban ma kula da shi ba sai da Baba ya zungure ni. Tsoho ne, kansa fari fat, yana can baya rungume da wani ƙaton goge da ya fi shi tsayi, wanda ba a goga shi, da yatsa ake jan tsirkiyarsa tana cewa dum, dum. Bai matso gaba ba ko sau ɗaya, ba wanda ya tafa masa.

"Wancan ba shi ne babbansu ba?"

Na ce da alama.

"Suka ɗora masa wanda ya fi nauyi, suka tura shi baya, ko kujera ba su ba shi ba."

Na ce wataƙila haka tsarinsu yake. Ya ce rashin tarbiyya ma tsari ne. Daga nan bai ƙara jin kiɗan ba, sai cika yake yana batsewa. Duk sanda saurayin ya matso gaba sai Baba ya ja tsaki, har wata dattijuwa a gabanmu ta waiwayo. Da aka tashi, kowa ya sa ɗan kayansa a jaka, tsohon kuwa ya sunkuya ya kinkimi ƙaton gogen nan shi kaɗai, matasan suna tsaye suna dariya da mutane. Nan Baba ya dogara sandarsa ya miƙe. Mutumin da nake lallaɓawa kafin ya hau matakala, ranar sai da na haɗa da sauri kafin na cim masa.

Ya tsaya a gaban saurayin banjo ya ce, "Faɗa masa ba shi da kunya. Faɗa masa a garinmu yaron da ya bar tsoho da kaya, ko ruwa ba a ba shi a gidan mutane."

Na tattaro ɗan Turancin sakandare na ce mahaifina makaɗi ne daga Nijeriya, kuma ya ji daɗin wasan ƙwarai. Saurayin ya washe baki, ya kama hannun Baba yana girgizawa.

"Me ka ce masa yake murna? Ustazu, da karatunka kake ƙarya?"

Dole na faɗi gaskiya, na dai rage mata gishiri. Saurayin ya yi ja har kunne, ya juya ya kira tsohon. Da tsohon ya gane abin da ake ciki, sai ya jingine gogen da bango ya yi ta dariya har sai da ya nemi kujera. Ya ce ƙungiyar tasa ce, shi ya kafa ta. Saurayin ɗan 'yarsa ne. Gogen kuma shi ya hana kowa ɗauka, domin bai yarda da hannun yaran zamani ba. Baba ya ce wannan magana ta ƙarshe gaskiya ce.

Sannan tsohon ya ce banjon nan da ke hannun jikansa nasa ne, shi ya tsaya da shi a gaba kusan duk rayuwarsa. Ya miƙo hannayensa. Sanyin ƙashi ya kumbura gaɓoɓin, yatsun sun karkace kamar citta. Baba ya dube su da kyau. Ya sa hannun hagu ya ɗago na damansa, ya ɗora a kan gwiwar Baturen. Suka zauna suna duba hannun juna kamar masu cinikin doya.

"Tambaye shi," in ji Baba, muryarsa ta sauka, "ba ya jin zafi?"

Na ɗauka yatsun yake nufi. Ya ce a'a, tsayuwar baya.

Tsohon ya daina dariya. Ya ce yana ji, kullum. Ya ce in yaron ya matsa gaba zai kaɗa waƙar da shi ya tsara, ƙafarsa har motsi take yi za ta bi shi. Ya taɓa yin zuciya ya zauna a gida tsawon wani lokacin sanyi, yana kallon taga, har matarsa ta ce ko ya koma kiɗa ko ita ta bar masa gidan. Ya ce tsayuwar baya akwai zafi, amma zaman gida ya fi. Sai ya nuna jikansa da haɓa ya ce kuma yaron nan gaggawa gare shi, in babu mai riƙe shi daga baya zai isa ƙarshen waƙa ya bar sauran a tsakiya.

Da na fassara, Baba ya fashe da dariya, irin wadda rabona da ji tun yana da lafiya.

"Haka ƙanen nan nawa yake. Kamar an biyo shi."

A hanyar komawa muka maƙale a cunkoso a kan gada, rana tana faɗuwa a kan kogin Nilu. Na yi ta jira ya ce wani abu game da Baffa. Bai ce ba, ni ma ban yi gigin tambaya ba. Abin da kawai ya ce shi ne Baturen mutumin kirki ne, amma ya kamata a nema masa goge daidai shi. Har na raka shi filin jirgi bai faɗa mini abin da ya yanke ba.

Bayan kaka ƙanwata ta turo mini bidiyon wani biki. Baffa ne a gaba, a wurin zaman Baba, da garayar Baba a hannunsa. Sai da na duba sosai na hango Baba can ƙarshen layin baya, mai ɗaukar hoton ya yanke rabin jikinsa. Gora a hannun hagu, na daman yana kwance a cinya, fuskar nan a murtuke kamar wanda aka kawo da sammaci. Na yi murna, kuma abin ya yi mini ciwo, ban san wanne ya fi yawa ba.

Da yamma ya kira ni. Ya ce Baffa har yanzu gudu yake yi, 'yan amshi sun lalace, mai ɗaukar hoton kuma a bincika ko yana gani sosai. Na yi ta ba shi haƙuri ina dariya. Sai ya tambaye ni:

"Ka ji gorata a ciki?"

Na riga na kunna bidiyon nan ya fi a ƙirga, waya manne da kunne. Tsakanin garaya da guɗar mata da ƙarar janareta, ban iya raba tasa da ta sauran ba.

Na ce, "Na ji, Baba."

"To madalla," ya ce. "Don ni daga inda nake zaune ba na jin ta."

Sannan ya ce in gaida mutanen Masar, ya kashe wayar.