Wasan Shanun Hafsatu

Har yau ranar da jami'ar masu ba da tallafi ta zo duba aikinmu a Kankiya ba ta fita daga raina ba. Lokacin ni ne ma'aikacin fili a wata ƙaramar ƙungiyar raya ilimi, wato mai hawa babur ya zaga makarantu, daga cikin gari har Sukuntuni da ƙauyukan Kusada. Wata gidauniya ce ta tallafa mana don mu riƙa koya wa ɗaliban ƙaramar sakandare ƙirƙirar wasannin kwamfuta masu koyar da darasi duk ranar Asabar. Irin wannan tallafi kashi biyu ake sakinsa. In an gama zangon farko sai a turo mutum ya gani da idonsa. In ya gamsu a ci gaba, in bai gamsu ba a rufe shirin, ma'aikata kowa ya kama gabansa.

Yaran cikin gari sun yi wasan tseren mota mai koyar da haɗa baƙaƙen Turanci, gwanin kyau. Na ƙauyen Ƙofa kuwa, da tsohuwar kwamfuta ɗaya suka yi nasu, wadda ake kai wa caji shagon mai sola. Jagorarsu Hafsatu ce, 'yar wani makiyayi, Malam Buba. A wasansu mutum zai kora shanu daga ruga zuwa mashaya, a kowace kwanar hanya a yi masa tambayar lissafi. In ya ci, shanu su bi burtali. In ya faɗi, su faɗa gonar gero.

Ana gobe jami'ar za ta zo, shugabar shirinmu, Hajiya Binta, ta kalli wasan ta girgiza kai.

"Malam Lawal, na Ƙofa a bar shi cikin jaka. Shanun nan sun fi kama da awaki. Abincin ma'aikata muke karewa."

Na ce, "To, ranki ya daɗe." Amma raina bai kwanta ba, don na riga na gayyato Malam Buba. Ya sha gaya mini bai ga amfanin yarinya ta ɓata Asabar wajen wasa ba, alhali uwarta na buƙatar mai taya ta tallan nono. Da ƙyar ya yarda ya zo ya gani kafin ya cire ta daga shirin.

Jami'ar, Malama Rabi, ta iso da hantsi. Mace ce marar yawan magana. Ta kalli tseren motar har ƙarshe, sannan ta tambayi yaran wa ya zana motar. Suka ce da ita manhajar ta zo. Titin fa? Shi ma haka.

"To ku me kuka ƙara?"

Yaran suka kalli juna. Ta rufe littafinta ta ce, "Shi ke nan abin da kuke da shi?"

Ban san lokacin da na ce akwai saura ɗaya ba. Hajiya Binta ta dube ni, sannan ta gyaɗa mini kai.

Da Hafsatu ta kunna, Malama Rabi ta ce ba ɗalibi take so ya buga ba, a samo wanda bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Idonta ya sauka kan Malam Buba, yana tsaye bakin ƙofa da sandarsa.

Ya ce, "Malama, ni ban yi boko ba."

Hafsatu ta ce, "Baffa, ba sai ka karanta ba. Saurara kawai."

Ya zauna a ɗarare. Sai ga muryar 'yarsa ta fito daga cikin na'urar, da Hausa, sannan da Fulatanci: shanu goma sha biyu, uku sun tsaya, nawa suka wuce?

"Tara mana," in ji shi. "Wannan har tambaya ce?"

Hafsatu ta nuna masa inda tara take, ya danna, shanu suka miƙe burtali. Ya gyara zama. A kwana ta uku amsar ta sake zama tara, ya ce a ƙyale shi ya nemo da kansa. Sai ya danna shida. Shanu suka afka gero.

"Subhanallahi. Gonar wa ce?"

Kowa ya yi dariya, har Malama Rabi. Shi bai yi ba. Ya ƙura wa lambobin ido ya ce, "Watau mai wutsiya sama shida, mai wutsiya ƙasa tara?" Hafsatu ta ce haka ne. Ya ce a maido shi baya. Bai tashi ba sai da ya kai shanun ruwa.

Da ya miƙe ya ce akwai gyara. Saniya mai jariri ba ta shiga gaban garke, baya take tsayawa tana waigen ɗanta. Hafsatu ta ɗauko biro ta rubuta. Na lura Malama Rabi ma ta sake buɗe littafinta.

Bayan 'yan makonni takarda ta zo: a ci gaba da shirin, da sharaɗin a fi kai sababbin kwamfutoci ƙauyuka. Hajiya Binta ta kira ni ofis ta ce, "Allah ya so mu, Malam Lawal. Na kusa ɓoye abin da aka zo nema." Hafsatu ba ta sake fashin Asabar ba. Ƙanwar uwarta ta karɓi ƙwaryar nonon, Malam Buba da kansa ya shirya haka.

Ku sababbin ma'aikata da kuka shigo aikin nan yanzu, za ku ga tsoron rasa tallafi yana sa mu yi ta yi wa abin nunawa kwalliya har ya daina kama da mutanen da muke yi dominsu. Ni ma na ce "to" a ranar, ban musa ba. Tun daga lokacin, in na je makaranta ba na fara buɗe kwamfuta. Sai in zauna in tambayi yara abin da suka sani wanda ni ban sani ba, kuma har yanzu ban shiga ajin da aka rasa mai ɗaga hannu ba.