Ɗigo Uku a Dusar Kyalla

Ranar wata Alhamis ce a tsakiyar bazara, shekarar da na shiga aji huɗu a firamaren Yashe, Kawu Sule ya tsayar da babur ɗinsa a ƙofar gidanmu, ya ciro wata 'yar kwalba daga aljihu. Ƙanin Innarmu ne, ma'aikaci a Kankiya. Ya ce wani malamin dabbobi ya ba shi, man tafarnuwa ne da kanumfari da aka tace, in ana ɗiga wa saniya ɗigo uku a dusa cikinta zai gyaru, nono ya ƙaru. Sau biyu ya maimaita wa Baba cewa kada a wuce uku.

Saniya ɗaya muke tatsa a lokacin, Kyalla, wadda kakata ta ba ni tun tana maraƙa. Ni ke jiƙa mata dusa kafin in tafi makaranta, in na dawo in yayyafa mata harawa. Nononta Inna ke kaiwa kasuwar Kusada, da shi ake cefane.

Baba kuwa mutum ne da ya saba auna kanwar shanu da tafin hannu, kuma bai taɓa yarda wani mai biro ya fi shi sanin dabba ba. Ƙarar babur ba ta gama ɓacewa ba ya ce, "Ɗigo uku? Ko kaza ba za ta san an yi ba." Ya tuttula rabin kwalbar a kwanon dusarta. Kyalla ta sunsuna, ta kau da kai. Sai ya rantse zai ga mai taurin kai tsakaninsa da ita. Ya ɗaure ta tamau a rana, ya hana ta harawa, ya hana ta ruwa. Da ya kama ni ina lallaɓa mata ruwa a buta, da igiyar ɗaurinta ya zane ni. A rana ta uku ta ci, tana ci miyau na dalala, bakinta duk ya saɓule. Ya ƙara mata sauran.

Ɗan nonon da aka samu warin tafarnuwa yake. Inna ta dawo daga Kusada da ƙwaryarta cike, idonta ja wur, don mata sun yi ta tambayarta ko miya ta fara sayarwa. Baba ya fara cewa ƙazantarta ce, ba ta wanke ƙwarya. Da wannan bai ci ba, ya ce saniyar ce ta lalace. Na ce, "Baba, ai kai ka zuba." Marin da na sha har yau kunnena na hagu bai manta ba. Sati bai zagayo ba mahauta suka zo suka ja ta. Maraƙinta ya yi ta kuka har muryarsa ta dushe, ni kuma na tsani mahaifina a ranar, ba zan ɓoye ba.

Yanzu shanu biyu gare ni a bayan gidana a Kankiya, irin wannan man kuma da sirinji nake auna musu shi. Baba ya tsufa, in ana hira yakan ce ai sammu aka yi wa saniyar nan, jikoki suna gyaɗa kai. Nakan miƙa masa furarsa in yi shiru, ina kewar yarinyar da ta iya faɗa masa gaskiya a ido. Girma ya koya mini shirun da duka bai koya mini ba.