Wushiryar Wani

Ina zaune a ɗakin haɗa haƙoran da ƙanwata Nermin take aiki a birnin Tanta na Masar, riƙe da kushari, dafa-dukan shinkafa da taliya da na kawo mata, amma idona na kan wani dattijo da ban sani ba. Siriri ne, tabarau ya zamo masa har kan hanci. A ƙaramin yatsansa akwai zoben mata da ya tsaya a gaɓa, ya ƙi shiga.

Injin da ke gefensa yana ƙugi, yana sassaƙa haƙora daga ɗan dunƙulen tangaran da aka gauraya da roba. Na gaba guda biyu sun riga sun fito sumul, ba makusa. Dattijon dai bai gamsu ba. Yana duban wani tsohon hoton biki, yana goge tsakanin haƙoran biyu a hankali.

"Haba Baba Fikri," in ji Nermin, "na sha wuya na toshe wushiryar nan a kwamfuta, kai kuma kana buɗewa?"

"Ke dai ci abincinki, sarkin iyayi." Ko ɗagowa bai yi ba. "Shekara arba'in matar mai haƙoran nan tana ganin dariyarsa da 'yar ƙofa a tsakiya. Haɗari ya zubar masa da haƙora, ni kuma sai in mayar mata da baƙo gida?"

Ya hure ƙurar, ya murza zoben nan da babban yatsa. Ina jin shi ma akwai dariyar da yake kewa, yadda take, ba gyara.