Dokar Da Aka Yi A Saman Kuka

Inna Yalwa, kakarmu ta wajen uba, ba ta ba da tatsuniya kyauta. Da kaka, idan an kwaso gyaɗa daga gona, sai ta sa a hura wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan isha'i, a gidanmu na Gwangwan, a jibge mana gyaɗa a tabarma. “Hannunku na aiki, bakina na aiki,” in ji ta. “Hannu ya tsaya, ni ma na tsaya.” Haka za mu kewaye ta muna ɓara, muna satar kaiwa baki. Tana gani sarai. Sai ta zunguri ƙanena Sani da kara ta ce, “Maigidana, a haka za ka ciyar da ni? Rabi a kwando, rabi a cikinka?” Mu yi ta dariya har hayaƙi ya sarƙe mu.

Amma ba ta taɓa zama ba sai ta leƙa wani kwano da ke rufe da faifai a gindin murhu. Tuwon wanda ya tafi da shanu ne bai dawo ba. A gidan nan kwanon wanda ba ya nan shi ake fara zuba wa, kuma shi ake cika wa miya. Na taɓa tambayarta dalili, ta harare ni ta ce, “Ke da kike nan kina da bakin cewa a ƙara miki. Shi fa?”

Idan ta gyara zama sai ta ce, “Ga wata nan ta ɗaura zane.” Mu amsa, “Ta shigo, akwai tabarma.” Cikin duk tatsuniyoyin da suka shigo, ta kwaɗo ce ba na so. Ina yarinya na ɗauka ma ta mance ƙarshenta ne.

Wai akwai wani tafki da tsuntsaye da kwaɗo suke sha tare, kowa da bakin gaɓarsa. Na kwaɗo ya fi kyau, don yana ƙarƙashin inuwa, kuma shi ya share shi da hannunsa. Hankaka ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan wurin. Da rani ya yi, kwaɗo ya shige cikin laka kamar yadda ya saba, sai hankaka ya ce tafki ya yi yawan jama'a, ya kamata a yi doka. Aka sa taro a can ƙololuwar kuka. Balbela ta sha farar riga ta zama mai kiran suna. Dokar ita ce, duk wanda aka kira sunansa bai amsa ba, ya bar wurinsa ke nan. Kurciya ta ce, “To kwaɗo fa? Ko yana nan ai ba ya hawa kuka.” Hankaka ya ce, “Mun hana shi hawa ne? Doka ba ta san fuskar kowa ba.” Sai kurciya ita ma ta ɗaga fiffike ta amince. Balbela ta kira kwaɗo da ƙaramar murya, ba a amsa ba, aka wuce.

Da ruwan farko ya sauka kwaɗo ya fito, ya tarar da hankaka zaune a inuwarsa, aka karanta masa doka. “Shi ya sa,” in ji Inna, “har gobe da damina za ku ji shi yana ta kwarara, ga ni, ga ni, ga ni. Sunansa yake amsawa. Ƙurunƙus, na ɗaure ta a ƙafar kaza.”

Muka yi tsalle. “Inna, hankaka fa? Me ya same shi?”

“Me zai same shi? Ai doka ya bi.”

Ta juya gefe ta tofar da yawu cikin toka, ta ce a kwashe ɓawo. Ni kuwa na kwanta da haushi, ina cewa tsohuwar nan ta cuce mu, mun ɓare mata gyaɗa ta biya mu da rabin tatsuniya.

Yau Inna ta daɗe a ƙasa, Allah ya haskaka makwancinta. Ɗakinta ruwa ya cinye shi, aka yi na siminti a wurin. Ni ina aure a Karaye, unguwar Yola. Sani yana nan Gwangwan da gona da shanu, sauran dangi sun watsu Kano. 'Ya'yanmu kuwa sun samo wani wasa na waya, wata duniya ce da ake gini a cikinta da tubali, kowa ya shiga daga inda yake su haɗu a gari ɗaya. Suka sa masa suna Garin Zumunta. Da farko har daɗi na ji, na ce tunda ƙafa ta gaza, bari waya ta riƙe zumuncin.

Ɗana Mubarak, da ke karatu a Kano, shi ke riƙe da makullin garin, shi ke shigar da mutum, shi ke fitarwa. Da rigima ta yi yawa, wannan ya fasa katangar wancan, wancan ya yanka tumakin wannan, sai suka kafa majalisa, suka zaɓe shi shugaba. Suka yi dokoki har da kurkuku. Na ga ƙanwarsa tana kuka wiwi wai an kulle ta don ta girbe alkamar wani, na yi dariya har da hawaye. Ban san akwai ranar da abin zai tayar mini da zuciya ba.

Rabi'u ɗan Sani ne, saurayi mai kunya, shi kaɗai ne a cikinsu ke ƙauye. Sai ya hau tudu yake samun netwok, caji kuma sai ranar kasuwa. Bai taɓa ganin Inna ba, amma duk zuwansa Karaye sai ya tsare ni da tambaya. “Gwaggo, rumbunta gabas yake ko ta yamma? Tsamiyar tana cikin gida ko waje?” Ashe gini yake yi. Da ƙaramar Sallah ya miƙo mini wayarsa mai tsagaggen gilashi, sai ga gidanmu. Ga zaure, ga rumbu, ga turken shanu, ga ɗakin Inna da wuta tana ci a ƙofa. Har wani ɗan abu ya ajiye a gindin murhun, ya ce kwanon wanda ba ya nan ne, babansa ya ba shi labari. Na rufe fuska da mayafi. Rani guda yaron nan ya yi yana zaune a kan tudu yana ɗora tubali a bakin kogin da ya ratsa tsakiyar garin nasu.

Damina ta sauka, ciwon baya ya kwantar da Sani, noma da kiwo suka koma wuyan Rabi'u shi kaɗai. Ina ya ga ta wasa? Ana nan Mubarak ya zo hutu, wata rana na ce ya nuna mini ɗakin Inna, kewarta ta taso mini. Ya yi ta kame-kame. Da na matsa ya buɗe, sai ga wani ƙaton gini fari fat a bakin kogin, da tutoci.

“Mubarak, ina ɗakin Inna?”

“Umma, ai an yi doka. Majalisa ce yanzu a wurin.”

“Wace doka?”

“Duk wanda Juma'a ta zagayo sau biyu bai shigo ba, filinsa ya koma na gari. An kaɗa ƙuri'a, kowa ya yarda.”

“Rabi'u ya yarda?”

“Bai zo ba. A tsarinmu wanda bai zo ba ya yarda.”

“Ka kira shi? Ka san ubansa na kwance?”

“Umma, ba a bin mutane ɗaya-ɗaya, in aka fara haka doka ba za ta yi aiki ba. Kuma kowa ta shafa, ba shi kaɗai ba.”

Kowa ta shafa! 'Yan birni da wuta da data a hannu dare da rana, wace Juma'a ce za ta wuce ba su shiga ba? Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Bakin kogi suke so, kunyar ƙwace ta hana su, sai suka ɗinka wa ƙwacen riga. Da ma fashi suka yi masa tsirara, wallahi da ya fi mini sauƙi. Na ce, “Tir da wannan majalisa, tir da shugabanta.” Sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, “Haba Umma, wasa ne fa.” Lokacin rushewa doka ce, da aka tambaye shi kuma ta zama wasa. Na dube shi, ɗan da na goya, mai sallah a kan lokaci, mai durƙusa wa manya, yana mini bayani da lafazi mai daɗi babu ko ɗigon kunya. Allah wadaran naka ya lalace.

Ranar kasuwa Rabi'u ya yi caji, ya hau tudunsa ya shiga. Ƙanwar Mubarak ta ce mini sun gan shi tsaye a ƙofar farin ginin, bai motsa ba. Can ya rubuta musu a wurin hira, “Ga ni.” Duk suna ciki, ba wanda ya tanka. Daga baya wani ya liƙa masa dokar, sai Rabi'u ya fita.

Na kira shi da yamma, ina jin kukan shanu a bayansa. Bayan gaisuwa da tambayar mai jiki na fara ba shi haƙuri, ya katse ni a hankali. “Ba komai, Gwaggo, tubalin waya ne. Ni dai na ɗauka da aka ga shiru wani zai tambaya ko lafiya.”

Na tayar da ƙura a dangi, iyaye suka sa baki. Majalisa ta sake zama, ta soke dokar da ƙuri'a, ta ba shi sabon fili, wai har ya fi na da girma. Kun ji fa, su ne ma masu kyauta. Farin ginin dai yana nan inda yake, ba abin da ya sami kowa. Rabi'u bai sake shiga ba. Da babbar Sallah ya kawo mini nama, ya gaishe ni a tsakar gida, Mubarak na ɗaki ya leƙo ya ce ya shigo mana, Rabi'u ya ce a'a, zai koma kafin hadari ya taso. Da can sai na kore shi yake tafiya.

Sai yanzu na gane Inna ba ta mance ƙarshen tatsuniyarta ba. Ta san irin wannan cutar ba a kai ƙararta ko'ina, don an yi ta da taro da ɗaga hannu, kowa ya tashi yana ganin kansa mutumin kirki. Abin da ya rage wa mai kallo shi ne abin da ta yi a cikin toka. Akwai wani kududdufi a bayan gidanmu, da damina ba a jin kunne saboda kwaɗi. Shekara da shekaru ina barci a cikin kukansu lafiya lau. Bana kuwa da sun fara sai in tashi in rufe taga, amma ina jin su.