Layin da Sufana Ya Kashe

Sufana ake ce masa, don ko zaman makoki ya je sai ka ga kan sufana ya leƙo daga aljihunsa. Mai gyaran famfo ne, irin wanda ɗigon ruwa ke hana shi sakat. In ya zo gaishe ka ya ji famfonka na ɗiga, to gaisuwa ta ƙare ke nan. Mutum ɗaya ce ba ta kiransa da wannan suna, wato yayarsa da ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Har furfura ta cika masa kai, Auta take ce masa.

Yaya ita kaɗai take zaune a ƙarshen lungu. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta aiki ya kai su nesa. Sufana ya yi, ya yi da ita ta koma gidansa, ta ce tsufanta bai kai a riƙa miƙo mata ruwa a kofi ba.

Famfo ɗaya ne a duk unguwar. Kullum da safe bokitai da jarkoki a jere a layi, ga cacar baki, ga 'yan mata na makara a makaranta. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya hango Yaya da bokiti a ka, hannu ɗaya a ƙugu, tana jan ƙafa.

"Yaya, wallahi sai na kawo miki ruwa har ƙofar ɗaki."

"Kai ɗin da na yi wa wanka a kwano? Kawo mu gani."

Bai yi aikin da ka ba, wannan kam dole a faɗa. Ya san in ka taɓa abu ɗaya a unguwa, goma ne za su motsa. Ruwan da ya shiga gida sai ya fita, don haka ya matsa wa kwamitin unguwa a fara gina kwata kafin a binne bututu, kada a kori layi a gayyato sauro. Masu ga-ruwa za su rasa abin yi, sai ya koya musu haɗa bututu. Ya zaunar da masu gidaje da 'yan haya a kan wa zai riƙa gyara. Har gida-gida ya bi yana tambayar mata ko akwai abin da za su yi kewa a layin.

"Kewar me? Ciwon wuya?" Dariya suka yi masa.

Shekaru ya yi yana fama kafin ruwa ya shiga gidaje. Tsohon famfon kuwa yara suka riƙa barinsa a buɗe, shi da hannunsa ya toshe shi. Kuma abin ya yi kyau. Faɗa ya ragu, yara suka daina makara. Ranar da Yaya ta murɗa nata, idonta ya ciko, ta ce sanyin ruwan ne.

Wata safiya ta faɗi a tsakar gidanta. Ɓarin jikinta ya mutu, baki ya karkace. Tana jin mutane na wucewa a lungu, murya ta ƙi fita. Sufana ya tafi aiki bayan gari. Kafin ya dawo ya biyo gaishe ta, rana ta faɗi ta sake fitowa a kanta. Likita bai ɓoye masa ba, ya ce da an kawo ta da wuri da ba haka ba. Ya ɗauke ta zuwa gidansa, matarsa na ba ta ruwa da cokali.

Maƙwabciyarta ce ta zo dubiya, tana share hawaye da bakin mayafi.

"Da lokacin layi ne, ai kafin hantsi mun ɓalle ƙofar."

"Kamar yaya?"

"Mun san bokitin kowa. In na wata bai zo ba, wadda ta fara cika nata sai ta biya ta buga mata ƙofa."

"Me ya hana ku faɗa min da na tambaye ku?"

"Mu ce me? Ai ba wani abu ba ne, leƙawa ce kawai."

Ba da zargi ta faɗa ba, kuma hakan ya fi yi masa ciwo. Washegari ya je ya buɗe tsohon famfon. Ruwa ya zubo tas, amma wa zai ɗauki bokiti alhali ga ruwa a gida? Masu wankin babur ne kawai suka ji daɗi. Ya sa kwamiti ya raba wa mutane gidajen tsofaffin da za su riƙa leƙawa. An yi da zafi, sannu a hankali abin ya mutu, don da leƙawar a hanyar mutum take, yanzu sai ya tashi musamman.

Bayan watanni harshen Yaya ya ɗan saku. Ta kira shi da ido, ya durƙusa kusa da bakinta.

"Auta... mai saƙa. Ni ke leƙa ta. Je ka."

Wata tsohuwa ce mai saƙa safar jarirai, wadda ta shekara da shekaru tana bin bayan Yaya a layi suna tsokanar juna. Ya je ya tarar da sabon labule a ƙofar. Wata matashiya da goyo ta leƙo.

"Tsohuwar nan? Ai ta rasu tun kafin mu shigo, Baba. An ce a ɗaki aka same ta."

Ya daɗe a ƙofar gidansa kafin ya shiga. Idon Yaya na kan ƙofa.

"Tana nan lafiya, Yaya. Tana gaishe ki."

Ta kalle shi, ta daɗe tana kallonsa. Da ƙyar kalmomin suka fito.

"Ba ta aiko gaisuwa... zagi take aiko min."

Hawaye ya gangaro mata har cikin kunne. Ya kai hannu zai share, ta juya fuskarta bango.